Manyan Tayoyi a Kan Hilux: A Ƙarfafa Aksil Ɗin Baya Ko a Ɗauko na Land Cruiser?

Shekarar da na sa wa motata tayoyi masu inci 33, na kwana a bakin fadamar Suru, ni da buhu 18 na shanshera da sauro. Motar tsohuwar Hilux ce, LN106, mai injin dizal 2.8, ta zo hannuna da tayoyi 205R16, wato wajen inci 29. Duk mai shiga fadama lokacin yankan shinkafa ya san abin da ya kai ni ga sauya taya. Tarakta da manyan motoci sun haƙe hanya gefe biyu sun bar tudu a tsakiya, sai tukunyar giyar baya ta hau tudun ta zauna kamar kaza a kan ƙwai, tayoyi suna juyawa a iska. Babbar taya ta ɗaga ni, na yi wata huɗu ina jin daɗi. Rannan na kafe a taɓo, na ba ta wuta, tayar dama tana ta wulwulawa tana watsa laka, can sai ta cafki ƙasa mai tauri. Na ji ƙas a ƙarƙashin bodi. Tayoyin gaba kaɗai suka kasa fitar da ita.

Da aka jawo ta Jega, wani dattijon bakanike ya kwance tukunyar, ya zazzage ɓarɓashin ƙarfe a kan buhu. Na ce, "Baba, tayoyin nan ne ko?" Ya dube ni ya ce, "Alhaji, buhu nawa ka ɗora ma wagga baiwar Allah?" Na faɗa masa. Ya ce, "To taya ta fara, kai kuma ka taya ta."

Daga ranar na shiga tambaya da lissafi, domin kowa a garejin da shawararsa. Wasu suka ce a gyara nata a ƙara masa ƙarfi. Wasu suka ce ɓata kuɗi ne, a nemo aksil ɗin Land Cruiser a dasa a huta. Abin da na fahimta a ƙarshe shi ne, zaɓin bai rataya ga girman taya kaɗai ba. Ya rataya ga sanin abin da yake kashe aksil ɗinka, domin masu kashe shi biyu ne, kuma maganinsu ba ɗaya ba ne.

Na farko murɗa ce. Taya kamar sifana take, gwargwadon tsawon hannunta gwargwadon yadda take murɗa abin da ta kama. Daga inci 29 zuwa 33 ƙarin kusan kashi 14 cikin ɗari ne, kuma wannan ƙarin yana komawa kan shaf, wato sandar cikin aksil da ke juya taya, da haƙoran giya duk lokacin da taya ta riƙe ƙasa. Ga nauyin ita kanta tayar, wanda idan tana gudu a laka ta tsaya farat ɗaya, dukan da take yi wa ƙarfe ya fi na jan kaya a hankali nesa ba kusa ba. Murɗa ita ke karya ƙananan giyoyin cikin tukunya, ta guntule haƙorin finiyon, wato giyar da farfela ke juyawa, ta murɗe bakin shaf inda yake da tsaga. Abin da kake samu a madadin duk wannan shi ne rabin ƙarin tsayin tayar: inci 4 a taya, inci 2 a ƙarƙashin tukunya, wajen santimita 5. Ba shi da yawa a ido, amma a hanyar da tarakta ta bi shi ne bambancin wucewa da kwana.

Na biyu nauyi ne. Aksil ɗin Hilux irin wanda shaf ɗinsa ke aiki biyu ne: shi ke juya taya, shi ke ɗauke da nauyin mota a kan boris guda a kowane gefe. Motar an yi ta don kaya na kusan tan ɗaya. Buhunanmu na shanshera kan kai kilo 80, ka ga 18 sun doshi tan ɗaya da rabi. Ka haɗa da rim mai faɗi wanda ya turo taya waje, ya nisanta ta da boris, sai ya zama kamar ɗaukar tulu da hannu a miƙe. Alamun nauyi daban suke: boris yana mutuwa kowane 'yan watanni, man giya yana tsiyaya cikin birki ya jiƙe shi, tayoyin baya suna cinyewa ta ciki, idan ka tsaya a bayan motar ka ga sun ɗan buɗe ƙafa ta ƙasa. Wannan na ƙarshe yana nufin kwanson aksil ɗin ya lanƙwashe, kuma duk sabon shaf da ka zura masa zai bi sahun na da.

Akwai na uku da ba a cika lissafa shi ba, ruwa. A saman kowane aksil akwai ɗan ƙaramin numfashi. Ka taho daga Birnin Kebbi tukunya ta yi zafi, ka faɗa mashigi a fadamar Gulbin Rima, ƙarfe ya huce nan take, iskar ciki ta tsuke, ta zuƙo ruwa ta wannan numfashin ko ta bakin sil. Man ya koma kamar kunun gyaɗa. Aksil ɗin Land Cruiser ma haka zai sha ruwan, girmansa ba zai cece shi ba.

To bari mu ɗauki gyaran na Hilux tukuna, domin na ga ana raina shi ba bisa haƙƙi ba. Babbar giyar cikin tukunyarsa, karawun, faɗinta inci 8 ne, shaf ɗinsa tsaga 30. Wannan ba ragon aksil ba ne. Idan kwanso a miƙe yake kuma kaya bai wuce kima ba, yana riƙe taya mai inci 33 ba tare da kuka ba. Babbar falalarsa ita ce tukunyar tana fita gaba ɗaya ta gaba: ka zare shaf biyu, ka kwance farfela da notocin da ke kewaye, ka ɗauke ta kamar tukunyar tuwo daga murhu, ka dasa wata. Kuma tukwanen ba ƙarfinsu ɗaya ba. Na motoci masu ƙaramin injin galibi ƙananan giyoyi biyu ne a cikinsu, na masu injin V6 da masu injin tabo (turbo) kuwa guda huɗu ne, suna raba duka a tsakaninsu. Tawa da ta fashe mai biyu ce. Mai huɗu tana shiga kwanso ɗaya ba tare da yanka ko walda ba, kuma a ganina wannan ne gyara mafi riba da za ka yi wa Hilux da kuɗi kaɗan.

Sai maganar reshiyo, inda na fi so mai karatu ya tsaya. Reshiyo shi ne sau nawa farfela ke juyawa kafin taya ta juya sau ɗaya, kuma ana samunsa da ƙirga haƙora. Tawa karawun haƙori 43, finiyon 10, ka raba ka sami 4.30. Da na ƙara taya ban taɓa wannan ba, sai motar ta zama kamar kullum tana tashi da giya ta biyu. Kuloci ya riƙa ƙauri, a hawa ina sauko da giya tun kafin in kai rabi, agogon gudu yana nuna 100 alhali ina kan 114. Mafi muni, a taɓo ba ta iya rarrafawa a hankali, dole sai na taka wuta, kuma takun wutar nan ne ya karya ta. Lissafin gyaran ba wuya: tsohon reshiyo, ka ninka da tsayin sabuwar taya, ka raba da tsayin tsohuwa. 4.30 sau 33 raba 29 ya ba da 4.89. Akwai kuwa 4.88 a tukwanen Toyota, haƙori 39 da 8. Akwai 4.10 mai 41 da 10, da 4.56 mai 41 da 9, har da 5.29 mai 37 da 7 na masu ƙera kaya a waje. Ka lura da yadda haƙoran finiyon ke raguwa, daga 10 zuwa 7. Gwargwadon hawan reshiyo gwargwadon ƙanƙancewar finiyon, don haka wanda ya ruga 5.29 don neman ƙarfin ja ya ɗan rage wa haƙori ƙwari. Ga mai taya 33, 4.88 ya wadatar.

Sharaɗin da ba a tsallakewa shi ne gaba da baya su zama reshiyo ɗaya. Idan gaba 4.30 ne baya 4.88, ranar da ka sa ogzilari, giyar da ke sa tayoyi huɗu su ja tare, tayoyin gaba za su so gudu fiye da na baya, kuma faɗan nasu a kan farfela da giyar raba ƙarfi zai ƙare. A nan tsofaffin Hilux masu aksil ɗin gaba na sanda guda, irin tawa, suna da sa'a: tukunyar gaba da ta baya girmansu ɗaya, sai ka sayi biyu masu reshiyo ɗaya ka dasa. Wanda motarsa ta baya-bayan nan ce, mai ƙafafun gaba da ke motsi kowace da kanta, kamar Vigo da ta fito a 2004 da waɗanda suka biyo ta, tukunyar gabansa wata iri ce dabam. Sai ya nemo nata na musamman, aikin ya ninka, kuɗin ma haka.

Ina ba da shawarar sayen tukunya sukutum wadda kamfani ya saita, maimakon sayen karawun da finiyon a ba wani ya haɗa, sai fa idan ka san hannun da za ka ba. Saita giyar tukunya aikin awo ne. Wasan da ake bari tsakanin haƙoran karawun da finiyon a wannan tukunyar tsakanin milimita 0.13 ne da 0.18, kaurin gashin kai biyu ke nan ko ƙasa da haka. Ana auna shi da agogon awo, a shafa wa haƙora fenti a juya a ga inda suke haɗuwa. Bakaniken da ya ce maka hannunsa ya saba, yana ji a jikinsa, ka yi masa godiya ka ɗauki kayanka. Tukunyar da aka saita da ka za ta yi ta kuka kamar mai makoki, ta cinye kanta kafin kaka ta zagayo.

Sauran ƙarfafawar ƙananan abubuwa ne: boris na asali, sabon sil, man giya mai lamba GL-5, 80W-90 ko 85W-140 ga mai jan kaya a zafin bazara. Numfashin nan a cire hularsa a sa masa tiyo a ja shi sama har ƙarƙashin bodi. Masu walda kan ɗora wa kwanso ƙarfen tallafi ta sama don kada ya lanƙwashe, kuma yana aiki, amma a yi shi kaɗan-kaɗan ana bari yana hucewa. Wanda ya zuba masa wuta a zama ɗaya zai lanƙwasa shi da hannunsa tun kafin kaya ya lanƙwasa shi.

Duk wannan yana maganin murɗa da ruwa. Ba ya maganin nauyi. Ko ka sa tukunyar zinariya, kayan yana nan a kan shaf da boris guda. Nan ne aksil ɗin Land Cruiser ke shigowa.

Karawun ɗinsa inci 9.5 ne, kwansonsa ya fi kauri. Amma abin da ya sa ake nemansa shi ne irin wanda nake kira mai cibiya. Ka dubi tsakiyar tayar bayan a-kori-kurar Land Cruiser, za ka ga wani ƙoƙon ƙarfe ya turo waje da notoci a kewaye. A irin wannan, taya tana zaune ne a kan boris biyu da ke kan kwanson kansa, shaf kuwa ba ya ɗauke da ko kilo ɗaya, juyawa kawai yake yi. Idan ya karye taya ba ta zuwa ko'ina. Ka kwance notocin cibiya, ka zare guntayen, ka toshe bakin, ka sa ogzilari tayoyin gaba su ja ka zuwa gida. A na Hilux kuwa, idan shaf ya katse ta wajen boris, taya da gangar birki tare suke barin mota. A wannan zamani da kwanan daji ya zama abin da ya zama, musamman ga masu bin ƙauyukan ƙasar Zuru, wannan falala ba ƙarama ba ce, kuma ba zan rage mata daraja ba.

Sai dai a kula da abu biyu. Ba kowane aksil na Land Cruiser ne mai cibiya ba. Akwai na samfurin 60 da na samfurin 80 da yawa da shaf ɗinsu ke ɗaukar kaya kamar na Hilux, kuma wanda ya sayi irin wannan ya biya kuɗin doki ya koma gida da jaki mai ƙiba. Na biyu, shaf ɗin na 60 da na 80 su ma tsaga 30 ne, bakinsu bai fi na Hilux kauri da wani abin kirki ba. Wato wanda matsalarsa murɗe shaf a taɓo ce saboda zafin ƙafa, zai iya murɗe wannan ma. Ribar tana ga girman haƙori da ɗaukar kaya.

Yanzu ga wahalar dashen, wadda mai sayarwa ba zai faɗa maka ba. Tukunyar Hilux a tsakiyar aksil take. Ta Land Cruiser 60 da 70 da 80 ta karkata zuwa dama, domin a can farfelarsu ke fitowa. Ka dasa ta a Hilux, farfela za ta sauko a karkace ta fuska biyu, ƙasa da gefe. A doguwar mota ana iya zama da hakan idan an daidaita kusurwar kuros biyu, amma idan an yi sakaci motar za ta riƙa kaɗuwa a kan kwalta, kuros yana mutuwa a kai a kai, wani lokacin farfela ta nemi gogar tankin mai ko bututun hayaƙi. Bakin da farfela ke ɗaurewa ma ba lallai ramukansa su dace ba, kuma tsawonta sai an rage.

Mazaunin sifirin sai an yanke an sake waldawa daidai da faɗin shasin Hilux. Na 80, wanda aka yi daga 1990 zuwa 1997, sifirin mai naɗi yake amfani da shi a baya, don haka duk kunnuwan da ke jikinsa sai an aske su a ƙera sababbi, ga shi ya fi tsohuwar Hilux faɗi sosai, tayoyin baya su fito waje su bar sawun na gaba. A taɓo wannan asara ce, domin maimakon su bi hanyar da na gaba suka share sai su riƙa sharar tasu. Na 60 da na 75 sun fi sauƙi, sifirin ɗinsu mai falle-falle ne irin na Hilux, ramukan rim ɗinsu shida a kan milimita 139.7, daidai da nata. Na 78 da 79 kuwa, daga 1999, ramuka biyar ne a kan milimita 150. Ka sa wannan, ka zama mai rim iri biyu a mota ɗaya, safaya biyu za ka riƙa ɗauka. Ban ga dalilin da zai sa mai Hilux ya jawo wa kansa wannan ba.

Reshiyo ma yana nan yana jira. Yawancin waɗannan 4.10 ne ko 4.11, wasu na 60 har 3.70. Ga mai babbar taya wannan komawa baya ne, ya tashi daga 4.30 ya sauka 4.10 alhali 4.88 yake bukata. Kuma gaba dole ya bi. Bambancin 4.30 da 4.10 kusan kashi 5 cikin ɗari ne, a kowace mita 100 aksil ɗaya yana neman ya wuce ɗan'uwansa da mita 5. Samun 4.88 na tukunyar Land Cruiser a kasuwanninmu ya fi samun na Hilux wuya da tsada, sau da yawa sai an yi odarsa.

Ga wani lissafin da ya ba ni dariya da na gano shi. Karawun mai inci 9.5 ya fi mai inci 8 saukowa ƙasa da kashi uku cikin huɗu na inci, kusan santimita 2. Ka tuna santimita 5 ne duk abin da babbar taya ta ba ka. Ka sayi taya don ka ɗaga tukunya, tayar ta sa ka sayi aksil, aksil ɗin ya cinye kusan rabin ɗagawar. Garin neman gira.

Birki shi ne inda na fi ganin an yi ba a yi ba. Wayar birkin hannu ba ta dacewa sai an yi mata dabara. Akwai wani bawul a bayan Hilux mai sanda da ke haɗe da aksil, shi ke ƙara wa birkin baya ƙarfi idan an yi lodi ya rage idan ba kaya. Masu dashe kan yanke shi su yar, sai mota ta riƙa jan gindi a kan jiƙaƙƙiyar kwalta idan ba kaya. Motoci na baya-bayan nan masu birkin ABS suna karanta gudun kowace taya daga na'urar da ke jikin aksil, tsohon aksil kuwa ba shi da mazauninta. Ga mai irin wannan motar ni dai ba na ba da shawarar dashe ko kaɗan.

Wanda ya leƙa intanet zai ga Amurkawa suna ta zancen aksilolin motocinsu, Dana 35 da Dana 44 da Ford 8.8. Zancensu gaskiya ne a wurinsu: Dana 35 na bayan Jeep, mai tsaga 27, ya yi suna wajen karyewa da babbar taya, shi ya sa suke cire shi. Amma na Hilux ba sa'ansa ba ne, ya fi kusa da Dana 44 ɗin da su suke komawa gare shi. Kada ka ɗauki maganin ciwon wani. Kuma ranar da boris ɗin Dana ya mutu maka a Ka'oje, ka tambayi kanka wa zai sayar maka. Masu tsohuwar Land Rover su ne labarinsu ya yi kama da na Jeep: shaf mai tsaga 10 yana karyewa kamar rake, kuma maganinsu sananne ne tun da daɗewa, aksil ɗin Salisbury na doguwar 109 da 110, wanda yake na gidansu ne.

Wata dabara da ake yawan tallatawa a gareji ita ce a walde ƙananan giyoyin tukunya, tayoyin baya biyu su riƙa juyawa tare. A taɓo tana fitar da kai, ba musu. Amma daga Jega zuwa Koko zuwa Yawuri kwalta ce, kuma a kowace kwana tayar waje tana bukatar ta fi ta ciki gudu. Ka hana ta, shaf ne zai biya, da kaya a bodi kuwa ba zai daɗe yana biya ba. Motar da ba ta barin gona ce kaɗai ta dace da wannan.

Akwai hanya ta uku da ba ta taɓa aksil sosai, ita ce a sake duba tayar. Abin da muke nema a fadama tsayi ne, ba faɗi ba. Taya 33 mai faɗin inci 12.5 ta fi kyau a hoto, amma nauyinta da rim ɗin da take bukata su ne ke cin boris. Taya 7.50R16 tsayinta kusan inci 32 ne, siririya, tana zama a rim ɗin da bai turo waje ba, an yi ta don ɗaukar kaya, kuma tana yanka taɓo ta taɓa ƙasa mai ƙarfi maimakon ta yi iyo a sama. 235/85R16 ƙanwarta ce marar tiyub. Tunda a-kori-kurar Land Cruiser da ƙananan motocin kaya suna amfani da 7.50R16, ba ka rasa ta a manyan garuruwanmu, mai faci ma ya san ta. Abin da ka rasa tsakaninta da 33 a ƙarƙashin tukunya rabin inci ne. A yashin ƙasar Arewa da Dandi, wajen Kangiwa da Kamba, mai faɗi tana da ɗan rinjaye, amma rage iska yana rufe yawancin gibin.

Ko wanne ka zaɓa, na hannu za ka saya, daga Ƙofar Ruwa a Kano, ko Panteka a Kaduna, ko Ladipo a Legas, ko abin da ya shigo ta Kwatano. Ka je da bakanikenka, kada ka yi sayen waya. A zubar da man a gabanka: ƙurar ƙarfe mai laushi a jikin maganaɗisun noti ba komai, gutsattsari kuwa ka bar musu kayansu. A ƙirga haƙora a gabanka, kada ka yarda da abin da aka rubuta da alli a jiki, kada ma ka yarda da farantin da ke jikin motarka, domin ba ka san tukunya nawa aka sauya mata kafin ta zo hannunka ba. Ka kama bakin finiyon ka girgiza, bai kamata ya motsa sama da ƙasa ba. Ka dubi tsagar bakin shaf, idan ta fara karkacewa kamar igiya ya riga ya gaji. Kwanso kuwa a zare komai a leƙa ta wannan baki zuwa wancan, ko a ja zare, a tabbatar a miƙe yake.

Idan ka tambaye ni, wanda tayarsa ba za ta wuce inci 33 ba kuma zai iya tsayawa kusa da tan ɗaya, ya riƙe aksil ɗinsa, ya sa tukunya mai giya huɗu, ya gyara reshiyo gaba da baya. Kuɗinsa bai kai na dashe ba, ana gamawa a yini ɗaya ko biyu, kuma kowane bakanike daga Argungu zuwa Yawuri zai iya taɓa motar bayan haka. Wanda abincinsa lodi ne, kullum tan ɗaya da rabi a hanyar burji, ya riga ya lanƙwasa kwanso sau ɗaya ko biyu, ko kuma wanda ya nace sai inci 35, shi ne dashe ya dace da shi, kuma ya nemi mai cibiya na 75 ko na 60, ya ware kuɗin farfela da birki da tukunyar gaba tun kafin a kunna injin walda. Ya kuma san cewa aksil bai ƙara wa shasi da sifirin da birkin gaba komai ba. Idan ya haɗa lissafin duka ya ga ya doshi cikon da zai yi ya sayi tsohuwar a-kori-kurar Land Cruiser, to amsar ta fito.

Ni na sayi tukwane biyu masu 4.88 a Kano, mai giya huɗu ta tafi baya. Tayoyin 33 na sayar wa wani matashi a Birnin Kebbi wanda motarsa ba ta taɓa ganin fadama ba, na sa 7.50R16. Buhu 12 nake ɗauka yanzu, in yi sawu biyu idan ta kama, kuma duk ranar da na ratsa ruwa mai zurfi sai na kwance notin tukunya na duba launin mai. Maƙwabcina mai jigilar albasa daga Aliero ya ce shi ba zai iya sawu biyu ba, ya dasa na 75. Tun daga lokacin bai sake sauya boris ba, kuma yana gaya mini hakan duk inda muka haɗu. Birkin hannunsa dai har yau dutse ne da yaron motarsa ke yawo da shi a bodi.